Ruwa Biyu a Kan Zinariya

Carbi ne ya ɓata komai. Da bai zamo daga aljihun Mika'ilu ba ran da ya zo gaida Malam Nagoda a zaure, da yanzu maganar sa rana ake yi. Amma ya zamo, ya faɗo a kan tabarma tsakanin su biyu, ga ɗan gicciyen ƙarfe a jelarsa.

Malam Nagoda ya tsayar da allura a wuyan rigar da yake yi wa aiki. Ya daɗe yana kallon carbin kafin ya ɗago.

"Samari, kai ɗan Fada ne?"

Mika'ilu ya ce, "Kirista ne ni, Malam."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Zinariya, 'yar Malam ɗin, tana bayan ƙyaure da ƙwaryar ruwan da za ta kawo wa baƙo. Nan ta ƙame, ba ta shiga ba, ba ta koma ba, har ta ji mahaifinta ya ce, "Ɗauki abinka. Ka gaida gida."

Wanda bai san Tudun Wada ta wancan zamani ba zai yi mamakin a kori mutum saboda carbi, to bari in warware. Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, Turawa sun yanka wa baƙi filin Tudun Wada a wajen ganuwa. Masu bin Almasihu a garin iri biyu ne. Akwai 'yan mishan, masu majami'a a cikin birni, waɗanda ke karanta Linjila da Hausa. Akwai kuma Katolika, da ake kira 'yan Fada saboda limaminsu da suke ce wa Fada, da ɗan cocinsu na ciyawa a Sabon Gari, tsallaken Kubanni.

Mutanen gari ba su taɓa wahalar da kansu wajen bambanta su ba. Duka Nasara suke ce masu, duka kuma ba a sa hannu ƙwarya ɗaya da su. Hausawan cikinsu in ka tara su kaf ba za su cika rumfar wanzami ba. Amma duk ƙanƙantar nan tasu, kowane ɓangare ya haƙiƙance ɗayan ba Kirista ba ne. Abin haushi, abin kuma dariya, in ba a kanka ya faɗo ba.

Malam Nagoda ɗan gidan malamai ne a birni. Ran da aka yi masa baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, aka fitar masa da kayansa waje, aka ce kada ya ƙara taka ƙofar gidan ubansa. Ya kwaso matarsa Maijidda da 'yarsu tana ƙarama suka fito ta Ƙofar Doka, ya kama ɗinkin riguna a Tudun Wada. Ran Lahadi shi ke karanta Linjila a gaban jama'a a majami'a. Mutumin da ya bar carbin ubansa a kan buzu ya fito, ka ga kuwa ba zai yi maraba da wani carbin ba.

Maijidda ta daɗe da rasuwa. Zinariya ce ta riƙe gidan har ta haura ashirin ba aure, don samarin da za su iya aurenta a garin ba su da yawa, kuma babu wanda ya kwanta mata a rai. Sai da Mika'ilu, kafinta a reluwe, ya zo gyara ƙyauren zauren. Ƙyaure ya gyaru tun ranar farko, amma Mika'ilu bai daina zuwa duba shi ba.

Ran da carbin ya faɗo, bayan tafiyarsa Malam ya kira ta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Kin san ko shi wane ne?"

"Na sani, Baba."

"Kika bar ni ina shimfiɗa masa tabarma."

Ta ce, "Baba, Yesu yake kira kamar yadda muke kira."

"Yana kira, bayan ya gama durƙusa wa gunki. Na leƙa cocinsu da idona, Zinariya. Mutum-mutumin mace na yumɓu, an shafe shi da shuɗi, suna kunna masa fitila. Addu'arsu da wani yare ce da su kansu ba sa ji. Littafi ma ba a barinsu su buɗe. In wannan shi ne Kiristanci, to me ya fito da ni daga birni? Can ai ba a durƙusa wa yumɓu."

Hawaye suka fara ɗiga a kan zanenta. Ba ta share ba.

"Ga Malam Salmanu mai koyarwa a makarantar mishan, ya aiko har ya gaji. Ba zan ɗaure ki in kai masa ba, ba haka nake ba. Amma ɗan Fada, sai dai bayan raina."

Suna cikin haka sai ga sallamar Goggo Hajo, yayar Malam. Ita kaɗai ce a danginsa ba ta yanke shi ba. Takan sato jiki daga birni da ɗan ƙullin daddawa, ta zo ta yi masa faɗa ta koma.

Tun kafin ta zauna ta ce, "Nagoda, wane yaro ne na gamu da shi a ƙofa, da carbi a hannu yana ja, ido ya yi jawur? Alhamdu lillahi. Ashe Allah zai kawo wa 'yar nan Musulmi."

"Ba Musulmi ba ne, Yaya."

"To naku ne?"

"Ba namu ba ne."

Goggo ta riƙe haɓa. "Ba namu ba, ba naku ba. To na wa ne? Na ji shi da kunnena yana ambaton Nana Maryamu, arne bai san ta ba."

"Ɗan Fada ne."

"Af, Nasara ne dai. Ashe ku ma kuna da Ƙadirawa da Tijjanawa. Yo su ai suna aurar wa juna, ba a fasa sallah bayan juna."

Malam bai yi dariya ba. Ya mayar da kai kan ɗinkinsa, ya bar su nan zaune.

*

Bayan kwana biyu Mika'ilu ya same ta a bakin Kubanni da la'asar, tana wanki. Damina ce, ruwan ya yi ja, ya cika har gindin kanyar da ke gaɓa. Ya tsaya nesa kaɗan saboda idon mutane, ya cire hula yana murzawa.

"Na gaya wa Fada komai," ya ce. "Ya ce ba zai ɗaura mana aure ba sai kin shigo cikinmu. Shigowa kuma sai da baftisma."

"An yi mani baftisma, Mika'ilu. Ga wurin can, gindin kanyar nan."

"Na gaya masa. Ya ce bai sani ba ko ta mishan ta kama, ko sun faɗi kalmomin daidai. Saboda haka ba sabuwa zai yi maki ba. Kalma ɗaya zai ƙara a gaba. Zai ce, in ba a yi maki baftisma ba, to ina yi maki. In ta farko ta kama, wannan ruwa ne kawai. In ba ta kama ba, wannan ta rufe. Kin ga babu asara ko ta ina. 'In' ce kawai, Zinariya, kalmar da ko baki ba ta cikawa."

Da murna yake faɗa, bawan Allah, shi a ganinsa ya kawo mafita. Zinariya ta saki zanen da take matsewa ya koma cikin ƙwarya.

"Rana ɗaya aka yi mana ni da Inna," ta ce. "Ina yarinya, ina famfara. Mutane sun taru a gaɓar can suna ihu, wasu na jifa da hoge. Na tsorata na ce ba zan shiga ba. Inna ta goya ni ta shiga da ni, sai a tsakiyar ruwa ta sauke ni ta riƙe hannuna. Aka zuba mata, aka zuba mani. Ran da za ta rasu ta dafa kaina ta ce, kada ki ji tsoro, ruwan da ya taɓa ni shi ya taɓa ki, can za mu haɗu."

Kuka ya ci ƙarfinta.

"To in nawa ya zama 'in', na Inna fa? Ruwa ɗaya, hannu ɗaya, baki ɗaya. Ni ina da rai, za a sake mani. Ita wa zai sake mata?"

Wallahi Mika'ilu bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

Ta ce, "Kai ka zo namu mana. Kai namiji ne, babu mai hana ka."

Ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa. "Kin san ba ni da kowa. Ban san garinmu ba, ban san sunan uwata ba. Abin da na sani, ina cikin ayarin bayi da igiya a wuyana Turawa suka tarwatsa ayarin, Fadoji suka ɗauke ni a Lakwaja. Su suka kwance igiyar. Su suka ba ni suna, suka sa guduma a hannuna. In na ɗaura aure a mishan Fada zai hana ni Jibin Ubangiji, gurasar da muke karɓa a coci, ran da na mutu ba zai bi gawata ba. Ke kina da kabarin da za ki nuna ki ce ga uwata. Ni cocin nan na ciyawa shi ne uwata, shi ne ubana."

"To mu haƙura ke nan?"

"Ki ce in faɗa ruwan nan ya fi mani sauƙi."

Kowa ya shiga kukansa, ita a durƙushe shi a tsaye, ga tazarar da ba su isa su rage ba. Matan da ke wanki can gaba sun daina buga kaya sun zuba masu ido.

Can ya ce, "Ki tambayi Fada da bakinki. Mutum ne mai tausayi. Na tabbata zai ce maki Inna tana can lafiya. In ya faɗi haka za ki yarda?"

Ta share fuska da bakin mayafi. "In ya faɗi haka zan yarda."

*

Daga nan Zinariya ta zama mai son zuwa kasuwar Sabon Gari. Yau zaren Baba ya ƙare, gobe wanda aka sayo bai yi kyau ba sai an canza. Tana tsallaka Kubanni sai ta karkata ta bayan cocin, inda matar mai taimaka wa Fada ke koya mata addu'o'insu.

Fada dattijon Bature ne, siriri, zazzaɓi ya mai da shi ɗorawa, Hausarsa na ɗingishi amma tana isa inda za ta. Kullum in ya wuce sai ya tsaya ya ce mata sannu. Kullum sai ta ce yau za ta tambaye shi. Kullum sai ta koma gida da tambayarta a ciki. Ba mantuwa ba ce, tsoro ne. Muddin ba ta tambaya ba, tana da Inna tana da Mika'ilu.

A gida kuwa abu ya fara tsami. Labarin ɗan Fada mai zuwa duba ƙyaure ya kai kunnen dattawan majami'a. Ran Lahadi lokacin karatu ya yi, Malam Nagoda ya gyara riga zai tashi kamar yadda ya saba, sai aka kira sunan Malam Salmanu. Malam ya koma ya zauna a hankali. Da suka dawo gida bai ce mata komai ba, bai kuma ci tuwon rana ba. Da dukanta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ran nan tana fitowa daga bayan cocin sai ta yi kiciɓis da Salmanu, da farar rigarsa da laima a hammata. Mutum ne mai sanyin murya, irin waɗanda ba a taɓa jin sun zagi kowa ba, ba a kuma taɓa rabuwa da su da daɗin rai ba.

"Ranki ya daɗe, ashe nan ake sayar da zare yanzu."

Ta ce, "Ina wuni, Malam."

"Lafiya lau. Ban gaya wa kowa ba tukuna, Zinariya. Tausayin Baba nake ji. Mutumin da ya rasa gidan ubansa saboda gaskiya, a ce 'yarsa ta koma wa masu gunki. Kalma ɗaya za ki ba ni, ran Lahadi in miƙa masa Littafin da hannuna, maganar nan kuma ta mutu a nan."

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Malam, ashe Linjilar ma ta zama kayan toshi?"

Fuskarsa ta canza, amma muryar tana nan yadda take. "Na ji an ce jibi Asabar za a zuba maki ruwansu. Ki yi tunani kafin nan."

Ya buɗe laimarsa ya wuce, alhali ko yayyafi ba a yi.

*

Asabar ta waye da hadari, gari ya yi luf, iska ba ta motsi. Zinariya ta dama wa mahaifinta koko ta ajiye masa, ta ce za ta Sabon Gari. Ya ɗago ya dube ta, kallon da ya fi na kullum tsawo, ya ce, "A dawo lafiya."

Cocin babu kowa sai Fada, da matar da ke koya mata, da Mika'ilu a can baya a durƙushe da carbinsa. Ga mutum-mutumin nan mai shuɗin mayafi a gefe, da 'yar fitila a gabansa. Zinariya ta saci kallonsa. Ita dai ba ta ga abin tsoro ba, fuskar mace ta gani mai kama da wadda ta gaji.

Aka sa ta kwance ɗankwali, ta durƙusa ta sunkuyar da kai a kan wata tasa. Fada ya ɗebo ruwa a ɗan moɗa, ya riƙe shi bisa kitsonta.

"'Yata, zan faɗa da yarenmu na addu'a, amma ki ji ma'ana da Hausa tukuna. Zan ce, in ba a yi maki baftisma ba..."

"Fada."

Ya tsaya.

"Ina da tambaya." Ta ɗago kai ta dube shi. "Ruwa ɗaya aka zuba mana ni da mahaifiyata, rana ɗaya. Ta rasu a kansa. An binne ta a maƙabartar mishan. Ita Kirista ce?"

Mika'ilu ya daina jan carbi. Ya ƙura wa Fada ido, duk jikinsa roƙo yake, kalma ɗaya tak yake nema.

Da Fada maƙaryaci ne da labarin nan ya ƙare da biki. Sai aka yi rashin sa'a ba shi ba ne. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah mai jinƙai ne ƙwarai, 'yata. Ban ce ta ɓata ba. In baftismarta ta kama, in kuma ta yi abin da ta sani da zuciya ɗaya..."

"In," Zinariya ta ce.

"Ba ni iya cewa na sani. Da na sani, da ban riƙe moɗan nan ba."

Ta ga Inna tsaye cikin jan ruwan Kubanni, zane ya manne mata, hoge na faɗowa gefe da gefe, ba ta ko waiwaya ba. Matar da ba ta ce 'in' ba ran da ake jifanta, yau 'yarta ce za ta durƙusa a faɗa a kanta.

"Ni na sani," ta ce. "Ina wurin."

Ta miƙe zumbur. Kanta ya bugi hannun Fada, moɗan ya tuntsire, ruwan ya kwarara a kan kitsonta har cikin wuya. Matar nan ta dafe ƙirji.

Mika'ilu ya taso da sauri. "Fada, ruwa ya zuba. Ai ya zuba a kanta. Shi ke nan ko, an yi?"

Fada ya girgiza kai, idonsa cike da tausayi. "Ruwa babu kalma ba baftisma ba ne, Mika'ilu. Ban faɗa ba, ita kuma ba ta so. Tana nan yadda ta shigo."

Zinariya ta ɗaura ɗankwalinta a kan jiƙaƙƙen kai. Mika'ilu ya tare ta a bakin ƙofa.

"Zinariya, don girman Allah."

"Na yi maka alkawari in ya faɗa zan yarda. Ka ji abin da ya faɗa." Hawaye na zuba ta ƙara da cewa, "Ina sonka, Mika'ilu, ba ni da wani sai kai. Amma ba zan saya da Inna ba."

Ta raɓa shi ta fita. Tana jin yana kiran sunanta har ta kai gaɓa.

*

Tun daga nesa ta hango laimar Salmanu jingine a bakin zaurensu. Babu wani gidan da za ta, sai ta yi sallama ta shiga.

Malam Nagoda na zaune a inda ya saba, babu ɗinki a hannunsa. Salmanu na gefe ya sunkuyar da kai kamar mai zaman makoki. Goggo Hajo ma ta zo, tana tsugune a bakin ƙofar shiga gida. A tsakiyar zauren ga adudun Zinariya, an ɗaure shi da igiya.

Ta zube a gaban mahaifinta. "Baba, ka saurare ni."

"Matso."

Ta matsa. Ya miƙa hannu ya zame ɗankwalin, ya ɗora tafinsa a kan kitsonta. Hannun nan ne ya saba dafa ta in za ta kwanta tun tana ƙarama. Ya janye shi ya duba. Da danshi.

Goggo ta yi caraf ta ce, "Yayyafi ne, Nagoda. Ba ka ga hadari ba?"

Malam ya leƙa waje. Ƙasa a bushe take, kaji na birgima a cikinta. Ya maido da ido kan 'yarsa.

"Ruwan wa ne a kanki?"

"Baba, ban yarda ba. Na tashi kafin ya faɗi komai, moɗan ne ya zube. Shi kansa Fada ya ce ba a yi ba, ya ce ni ba tasu ba ce."

"Kin je?"

"Na je."

"Kin kwance ɗankwali kin durƙusa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ni ban san wata kalma ba," ya ce. "Na san ruwa. Saboda ruwa aka fitar mani da kaya daga gidan ubana. Saboda ruwa uwarki ta mutu danginta ba su zo ba. Kika ɗauki kan da aka zuba wa wannan ruwan kika kai wa wani ya wanke."

"Saboda Inna na tashi, Baba. Wallahi saboda ita na tashi."

Ya kau da kai, ta ga hawaye na bin gemunsa. Tunda take ba ta taɓa ganin haka ba, ko ran jana'iza.

Goggo Hajo ta fyace hanci ta ce, "Oh ni Hajo. Can sun ce ba tasu ba ce, nan kun ce ba taku ba ce. Shekara nawa muna zaginta Banasariya a birni, ashe ma zaluntarta muke. To ku ba ni ita. Taso, 'yar nan, mu tafi gida, a yi maki wanka ki karɓi kalmar shahada, ki huta da mutanen nan."

"Goggo, wani ruwan kuma?" Zinariya ta faɗa cikin kuka. "Kaina ɗaya ne."

Salmanu ya yi gyaran murya. "Baba, in an yarda in sa baki. Ƙofar tuba ba ta rufuwa. Gobe Lahadi, in ta tsaya gaban jama'a ta faɗa da bakinta cewa ta ɓata hanya, ta ce 'yan Fada masu bautar gunki ne, ta ce kafintan nan ba Kirista ba ne, dattawa za su karɓe ta. Kai ma a maido maka da karatunka."

Malam ya juyo gare ta, ba da fushi ba, da roƙo, wanda ya fi fushin ciwo.

"Kin ji. Magana ce guda, 'yata, ba ta da tsawo. Ki faɗa in kwance igiyar nan da hannuna. Ke kaɗai gare ni."

Zinariya ta dubi adudun. Ta dubi ƙofar shiga gida, inda turminta da tukwanenta suke, da ɗakin da Inna ta cika a ciki. Ta dubi ƙyauren zauren, wanda ba ya ƙara ko kaɗan tun da aka gyara shi. Ta tuna yaro da igiya a wuya, wanda bai san sunan uwarsa ba, ya riƙe sunan Yesu shi kaɗai.

"Baba," ta ce a hankali, "abin da na ƙi yarda a faɗa a kan Inna a can, shi kake so in faɗa a kan Mika'ilu a nan."

Iska ta taso ta kaɗa asabari, aka fara yayyafi, yanzu da ba shi da amfani ga kowa.

Sai suka ji takun gudu ya tsaya a waje, da numfashin wanda ya taho tun daga Sabon Gari bai huta ba.

"Salamu alaikum," in ji muryar Mika'ilu. "Malam, don Allah a ba ni izini in shigo."

Malam Nagoda bai dubi ƙofar ba. 'Yarsa ya duba.

"Ga shi nan ya zo. Ba sai gobe ba. Tashi ki gaya masa ko shi wane ne, ki rufe ƙyauren. In kuwa ba za ki iya ba, ki ɗauki adudunki, ki rufe shi ta waje."

Zinariya ta miƙe, ruwan kitsonta na bin bayan wuyanta. Ta je ta kama ƙyauren da hannu biyu, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. Mika'ilu na gabanta cikin yayyafi ba hula, Baba na bayanta yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa, irin kiran da yake mata in zazzaɓi ya kama ta. Ƙyauren a shirye yake ya tafi duk inda aka tura shi, ita ce hannunta ya ƙi motsi.